Gidan gwanjon kotu da gidan da dillali ya kawo, wanne zan saya?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni ɗan Tawa ne amma shekarata 14 a Yamai ina ɗan kasuwancina a Katako, duk tsawon nan haya nake yi da iyalina, yanzu Allah ya hore mini abin da zan sayi gida. To gida biyu ne a gabana. Ɗaya a Lazare, dillali ne ya kawo mini, mai gidan ya riga ya sallama wa wani a miliyan 17 har ya karɓi abans na miliyan 1, amma dillalin ya ce in na ƙara jika 500, wato sefa dubu 500, zai mayar wa wancan kuɗinsa ya ba ni. Na biyu a Talaje, banki ne ya riƙe shi saboda bashi, kotu za ta yi gwanjonsa wata mai kamawa, za a buɗe da miliyan 9. Wani malami a unguwarmu ya ce gwanjo haramun ne don ciniki ne a kan cinikin ɗan'uwa, wai in sayi na Lazare kawai. Kuma akwai wasu mutum huɗu da suka saba zuwa gwanjon nan, an ce in na ba kowannensu jika 200 za su yi shiru su bar mini. Mene ne hukunci Malam?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya zaunar da kai a gidanka na kanka da rai da lafiya. Shekara 14 kana biyan kuɗin wata ba wasa ba ne, na ji gajiyar a cikin saƙonka, kuma ita gajiyar nan ce nake ji maka tsoro don ita ke sa mutum ya rufe ido ya miƙa kuɗi.

Kalma guda na tsaya a kanta cikin tambayarka, inda ka ce mai gidan Lazare "ya riga ya sallama". Ita ta juya hukuncin gaba ɗaya. Gidan da aka ce maka shi ne mai tsafta shi ne bai halatta ka taɓa ba, wanda aka tsorata ka da shi kuma asalinsa halal ne.

Hanin da Annabi (SAW) ya yi na ciniki a kan cinikin ɗan'uwa ka san shi, to ga shi nan ƙiri-ƙiri a Lazare. Har ma abin ya wuce nan, don a mazhabarmu ta Malikiyya in mai kaya ya ce na sallama, mai saye ya ce na saya, a kan kuɗi sananne, ciniki ya ƙullu da baki ko ba a je wurin notar ba tukuna, balle an miƙa kafin alƙalami. Ke nan gidan ya zama na wancan bawan Allah, mai gidan zai sayar maka da abin da ya riga ya fita hannunsa ne. Dillalin la'adarsa yake hange, shi ya sa ya nuna maka abin kamar ba komai. In wancan ya janye da kansa, ko suka warware cinikin da yardar juna ba da zugarka ko ta dillalinka ba, bismillah je ka taya. Kafin nan ka cire ranka.

Sai maganar malamin unguwarku. Kar ka je ka raina shi, ba shi ya ƙago ta ba, an ruwaito Ibrahim an-Nakha'i ya ƙi gwanjo, Auza'i da Ishaƙ kuma sun ce a ganima da gado kawai ake yinsa. Amma magana ce mai rauni, kuma zan tsaya a kanta don na sha jinta a bakin ɗalibai. Imamu Malik da kansa ya fassara hadisin hanin a Muwaɗɗa, ya ce hanin yana farawa ne lokacin da mai kaya ya karkata ga mai tayi suka shiga maganar yadda za a biya, kayan da aka ajiye don sayarwa mutane da yawa suna tayawa kuwa babu laifi. Ya ma faɗi dalili, da za a ce kowa ya kame da zarar mutum na farko ya taya, da an riƙa karɓe kayan mutane a kan kuɗin banza. Risalar da muka karanta a zaure tun muna yara ita ma haka ta ce, sai sun karkata ga juna sun kusa daidaitawa, ba a farkon tayi ba. Kai ɗan kasuwa ne, ka je Turaku gab da Layya ko kasuwar Badagishiri ta wajenku, rago ɗaya mutum uku na tayawa mai shi yana ta cewa albarka, wa ya taɓa cewa sun yi haram? Ai ba a shiga cinikin kowa ba tunda ba a sallama wa kowa ba. Gwanjo shi ne wannan ɗin, sai dai an sa masa rana da wuri. Wanda ya ce miliyan 10 a zauren kotu ya san sarai wani zai iya cewa 11, da wannan sharaɗin ya shigo.

Ga kuma hadisin Anas, Annabi (SAW) ya sayar da shimfiɗa da ƙwarya na wani mabuƙaci, aka taya dirhami ɗaya ya ce wa zai ƙara, wani ya ba da biyu ya sallama masa. Na san an yi magana a kan isnadinsa, amma ba shi kaɗai aka dogara da shi ba, Bukhari ya ware babi guda na muzayada, wato gwanjo, ya kawo maganar Aɗa'u cewa ya riski mutane ba sa ganin laifin sayar da ganima ga wanda ya ƙara. Hadisin da ake jawowa na cewa an hana muzayada kuwa ta hanyar Ibn Lahi'a ya zo, mai ruwayar da malaman hadisi suka raunana, bai kai ya tunkuɗe wannan duka ba. Taƙaita shi ga ganima da gado ma Ibnul Arabi ya ce ba shi da ma'ana, babin ɗaya ne. Wasu kuma kalmar "ƙari" ce ke ruɗa su sai su tuna riba, alhali ƙarin riba a kan bashi yake, wannan kuwa ƙarin tayi ne kafin ciniki ya faɗa. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ma a zamanta na Brunei a 1993 ta halatta shi, har da kuɗin ajiya da ake karɓa kafin shiga, da sharaɗin a mayar wa wanda bai samu ba.

Alƙali ya sayar da dukiyar wanda bashi ya ci don a biya masu binsa, wannan jumhur, wato mafi yawan malamai, sun yarda, Umar (RA) ya yi. Amma a nan akwai abin da ba ka faɗa mini ba kuma ina so ka bincika, me ya rage a bashin? In uwar kuɗin ce bai biya ba, tilasta shi sayarwa tilas ce ta haƙƙi, sayenka ya inganta, zunubin ruwan da banki ya ɗora yana kan waɗanda suka ƙulla shi. In kuwa ya riga ya biya uwar kuɗi, ruwa da tara ne kawai suka taru aka riƙe gidan a kansu, ni ban ga ka shiga ba, don an tilasta shi ne a kan abin da shari'a ba ta ɗora masa ba.

Mutum huɗun nan kuma, a'a. Khalil, mai littafin Mukhtasar na Malikiyya, ya ce ya halatta ka roƙi wani sashe ya dakata da ƙari, ban da duka, masu sharhi suka ce mafi yawa ko wanda shirunsa ke kashe kasuwa hukuncinsu na duka ne. Waɗannan sun mai da shiru sana'a. Kuma ka duba wa ake cuta. Dokar OHADA, wato dokar kasuwanci ta bai ɗaya ta wasu ƙasashen Afirka da kotunanmu ke aiki da ita, ta yarda a buɗe gwanjo daga kashi ɗaya cikin huɗu na darajar gida, saboda haka miliyan 9 ɗin nan mai yiwuwa ko kusa da kuɗin gidan bai kai ba, tayin jama'a ne ake sa ran zai ɗaga shi. In ka toshe bakin masu tayi da jika 800, mutumin zai rasa gida kuma watakila sauran bashi na wuyansa. Malamanmu cewa suka yi alƙali ya jinkirta sayar da gidan mai bashi kamar wata biyu don neman ƙarin kuɗi, saboda tausayin irin wannan mutumin. Na taɓa wucewa ta wata ƙofa da damina na tarar an fito da kayan wasu iyali, katifa a jingine da bango ruwa na dukanta, tsohuwa zaune kan buhun tufafi tana riƙe da buta, har yau in aka ce gwanjon gida ita nake gani. Kishiyar toshe bakin masu tayi, wato najashi, a sa mutum ya yi ta ƙara tayi ba da niyyar saye ba, shi ma haramun ne.

Shawarata, ka nemi mai gidan Talaje kafin ranar, ka je da wani dattijo ku gaisa. A nan za ka ji gaskiyar bashin, ka ga cikin gidan da idonka, ka san ko akwai marayu ko magada da ke da rabo a ciki. In zai yiwu ku daidaita a kan kuɗi na mutunci to sai da sanin banki da kotu kuma ta hannun notar, don gidan da aka riƙe mai shi ba ya sayar da shi shi kaɗai. In gwanjon za ka shiga, ka yanke wa kanka iyaka tun daga gida, ka lissafa da kuɗin shari'a da na rajista da ke hawa kan farashi, kuma kar ka ce abin da ba ka da shi a hannu, don in ka kasa biya za a sake gwanjon, in ya faɗi ƙasa da tayinka kai za ka cike giɓin. Kar giɓin nan ya kai ka cin bashin ruwa, kana ganin inda ya kai mai gidan. Ko an buga maka ma kar ka yi saurin sallamar mai gidan hayarka, doka ta ba kowa kwana 10 ya zo ya ƙara aƙalla kashi ɗaya cikin goma a sake bugawa.

Kowane gida ka tsaya a kai daga baya, wannan ko wani, ka sa a duba maka takardarsa a ma'aikatar domen mai kula da filaye, titir fonsiye ne (takardar cikakken mallaka) ko akt de sesiyon (takardar ba da fili), sunan wa ke kai, akwai jingina ko babu, ka kuma tambayi maƙwabta inda ruwa ke kwanciya a watan Agusta. In ka samo bayanin abin da ya rage na bashin ka sake rubuto mini in duba maka. Wallahu a'alam.