Hukuncin gina murhun bulo a bayan gida kusa da katangar maƙwabci

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Na soma gina murhun bulo mai bututun hayaƙi a filin bayan gidana, don mu riƙa jin ɗumi da iyali lokacin sanyi. Da hannuna nake yi a ranakun hutu. Na zuba kankaren tushe, na ɗora layi huɗu, sai maƙwabcina ya ce wurin ya matsi katangarsa, kuma tagar ɗakin mahaifiyarsa tana daidai nan. Wani abokina kuma ya ce zama kewaye da wuta koyi ne da Majusawa. Malam, fili dai nawa ne. In ci gaba ko in rushe?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, Allah ya saka maka da alheri da ka tsaya tambaya tun ginin yana layi huɗu.

Maganar abokinka ba ta da tushe. Allah Maɗaukaki ya lissafa wuta cikin ni'imominsa a Suratul Waƙi'a, aya ta 71 zuwa 73, inda ya ce ya sanya ta tunatarwa da kuma abin amfani ga matafiya. Majusawa bauta mata suke yi, kai kuwa ɗumi kake nema. Abu ɗaya zan ja hankalinka a kai: wasu malamai sun karhanta mutum ya yi salla wuta tana ci a gabansa, ko da yake Imam Buhari ya ƙulla babi da ke nuna halascin hakan ga wanda Allah kaɗai ya nufa. Ka shimfiɗa dardumarka a gefe, ka fita daga saɓani.

Inda nauyin yake shi ne wajen maƙwabcinka. Ka ce fili naka ne, haka ne. Amma hayaƙi ba ya tsayawa a kan iyaka. Manzon Allah (SAW) ya ce: "Babu cuta, babu cutarwa." Imam Malik ya kawo shi a Muwaɗɗa, kuma a kansa malamai suka gina hukunce-hukuncen maƙwabtaka. Shaihu Halil ya faɗa a Muhtasar cewa alƙali yana hana hayaƙi irin na gidan wanka, da wari irin na majema, da duk abin da zai cutar da bango. Sai dai malamai sun bambanta tsakanin hayaƙi kaɗan na buƙatar yau da kullum, wanda maƙwabta ke yi wa juna haƙuri a kai, da hayaƙi mai yawa da ke shiga ɗaki yana baƙanta bango. Murhunka na jin daɗi ne, ba na larura ba, don haka uzurinsa ya fi rauni. Ka ɗauka dattijuwar nan ta kwanta bayan isha'i, iska ta juyo, hayaƙin ɗanyen itace ya cika mata ɗaki, ta tashi tana tari tana laluben sakatar taga a cikin duhu. Wallahi ba na so ka haɗu da Allah da wannan. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa wanda maƙwabcinsa bai kuɓuta daga sharrinsa ba, ba zai shiga Aljanna ba.

Saboda haka fatawata ita ce: ginin halal ne, amma a wurin da ka kafa shi bai halatta ka ƙarasa ba muddin hayaƙi ko zafi zai isa ga tagar nan ko katangarsa. Ka ɗauke layi huɗun. Bulon ba zai yi asara ba, kankaren kuma ya zama wurin jera itace. Masana harkar gobara sukan ba da shawarar a bar aƙalla mita 3 tsakanin murhu da kowane gini, shinge ko reshen bishiya. Idan hukumar da kake ƙarƙashinta ta ƙayyade tazara ko ta wajabta neman izini, bin ta wajibi ne, domin kare rayuka aka nufa. Kafin ka zaɓi sabon wuri, ka lura da inda iska ta fi kaɗawa da yamma.

Ingancin aikin ma ya shiga hukunci. Bulon gini da siminti na yau da kullum ba sa jure harshen wuta, tsagewa suke yi. Cikin murhun yana buƙatar bulon wuta da kwaɓi na musamman mai jure zafi, bututun ya yi tsawo sosai, a sa masa ragar ƙarfe a baki don tare tartsatsi. Wanda ya san haka ya yi ko-oho, ko ya hura wuta ranar da iska ke kaɗawa da ƙarfi har tartsatsi ya ƙone kayan wani, malaman fiƙihu sun ce biya ya hau kansa. Kada kuma ka jefa roba, leda ko katako mai fenti a ciki, hayaƙinsu guba ne.

Sai batun kwanciya. Abu Musa al-Ash'ari ya ruwaito cewa wani gida ya ƙone da mutanensa a Madina da dare, sai Annabi (SAW) ya ce: "Wannan wuta maƙiyiyarku ce, idan za ku yi barci ku kashe ta." Imam Nawawi ya bayyana cewa dalilin umarnin shi ne tsoron gobara. A ganina, garwashi a fili ya fi komai shiga wannan tsoro, domin yakan kwana da rai a ƙarƙashin toka. Kada ka sheƙa ruwan sanyi a kan bulo mai zafi, zai iya tsagewa. Ka baza garwashin, ka rufe da yashi, tokar kuma ka zuba ta a bokitin ƙarfe mai murfi.

Idan ka gama, ka ba ginin kamar kwana 28 ya bushe, sannan ka fara da 'yar ƙaramar wuta na 'yan kwanaki, don danshin da ke cikin kwaɓin ya fita a hankali. Ranar wutar farko ka je ka yi wa maƙwabcinka sallama, ka roƙe shi ya tsaya a tagar mahaifiyarsa ya gaya maka ko hayaƙi yana isowa. In ya ce yana isowa, ka ƙara wa bututun tsawo.

Wallahu a'alam.