Haɗa masu zane da masana kimiyya a aiki ɗaya: ta ina ake farawa?

Tambaya: Ni malamin kimiyyar sinadarai ne. Bara mun gayyaci wasu masu zane mu yi aiki tare, sai abin ya ƙare a fosta biyu da aka manna a bango, kowa ya kama gabansa. Yaya ake shirya irin wannan haɗin gwiwa ya ɗore?

Amsa: Malam, ina kyautata zaton sai da kuka sauke tukunya sannan kuka kira su. Mai zanen da aka miƙa wa sakamakon bincike aka ce ya ƙawata shi, ɗan kwangila ne, ba abokin aiki ba. Ku jawo shi tun ana neman tambayar da za a bincika.

Dubi CERN, cibiyar binciken fiziya da ke Janeba a ƙasar Switzerland. Tun 2011 take da shirin Collide, inda mai fasaha ke zama a cibiyar, a haɗa shi da masani guda da za su riƙa tattaunawa. Na farko, Julius von Bismarck, ya je a 2012, aka haɗa shi da masanin fiziya James Wells. Mutum ɗaya da mutum ɗaya, ba kwamiti ba. Wannan shi ne abin koyi.

Ku kuma ba shi lokaci. A New York, masu fasaha 10 da injiniyoyi kusan 30 na cibiyar bincike ta Bell Labs sun yi watanni suna shirin wasu wasanni masu haɗa fasaha da na'urori, mai suna 9 Evenings, amma duk da haka da aka zo nuna su a Oktoban 1966 na'urori suka riƙa ba su matsala, 'yan kallo na zaman jira. To ina ga taron kwana biyu?

Tunda sinadarai ne fanninka, ba sai ka yi nisa ba. Ɗauki ɗalibanka da masu zanen ku je marinar Ƙofar Mata a Kano. Ku tsaya bakin rijiyar baba ku ga ƙyalle ya fito kore-kore, iska na taɓa shi yana rikiɗa zuwa shuɗi. Kai ka san iskar oksijin ce ke aikin. Marini kuwa da hanci da ido yake gane baba ta nuna, abin da ba ya cikin littafinka. Shi ma a sa shi cikin tawagar, a biya shi.

Batun kuɗin nan ne ke kashe yawancin irin wannan aiki, don masani na da albashi, mai zane kuwa sai ya sayar yake ci. Kafin a fara, ku rubuta nawa za a ba kowa, wa ke da mallakar zanen, sunan wa zai fito a maƙala. Sannan ku naɗa mutum guda mai jin yaren ɓangarorin biyu, wanda zai riƙa kiran kowa a waya idan an yi mako biyu shiru.