Amsa ga mai son barin birni ya nemi aiki a karkarar Iowa

Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka ce kuɗin haya ya ishe ka a birni, kana son kwasar iyali zuwa wata gundumar karkara a jihar Iowa ta Amurka, amma jadawalin albashin da ka gani ya sanyaya maka gwiwa, shi ne kake tambayar wane fanni ke biya, wanne kuma ke ɗaukar mutane. Na daɗe a irin wannan wuri. Na yi aikin kamfanin nama, daga baya na koma tuƙin babbar mota, don haka ga abin da na gani.

Da farko ka cire noma daga lissafinka. Za ka yi ta tafiya babu abin da kake gani sai masara da waken soya, ka ɗauka nan aiki yake. Ba ya nan. A 1935 gonakin Amurka sun kai miliyan 6.8, ƙidayar 2022 ta samu kimanin miliyan 1.9. Mutum ɗaya da ɗansa da injuna suna noma filin da iyalai da yawa suka noma a da. Ɗan ƙwadagon da ake nema na kaka ne, kuma dokar tarayya ba ta tilasta wa mai gona biyan ƙarin kuɗin aikin da ya wuce awa 40 a mako ba, alhali ta tilasta wa masana'anta biyan kuɗin awa ɗaya da rabi a kan kowace awar da ta wuce hakan.

Shi jadawalin nan, galibi daga hukumar ƙididdigar ayyuka ta BLS ake ɗauko shi, wata uku-uku take fitarwa. Ba ƙarya ba ne, sai dai ana tara duk kuɗin da aka biya a fanni ne a raba da yawan guraben aiki. Likita da mai goge daɓen asibiti layi ɗaya suke. Albashin kantuna yana fitowa ɗan mitsitsi saboda da yawansu rabin yini suke yi. Na kamfanin wutar lantarki kuwa ya burge ka, amma mutum nawa ne a ciki? Ba su da yawa, kuma ba mai tashi sai ritaya. Manomi mai aikin kansa ba ya ciki ma. Lambar ba za ta gaya maka nawa za a ba ka kai ba.

Inda baƙo ya fi saurin samun shiga shi ne kamfanin nama. Ba sa neman takardar makaranta, Turanci kaɗan ya wadatar, akwai inshorar lafiya, kuma tun bayan annobar korona ta 2020 sun ƙara kuɗi sosai don hannu ya yi musu ƙaranci. Amma ka san abin da za ka shiga. Ɗakin yankan sanyi ne kamar firji, kana tsaye da wuƙa da safar ƙarfe, nama na zuwa a kan bel ba ya jiran kowa, yanka iri ɗaya daga safe har a tashi. A makonnin farko nakan farka yatsuna a dunƙule, sai na sa su cikin ruwan ɗumi kafin in iya ɓalle maɓallin riga. Wasu jikinsu ya saba, wasu kafaɗa ce ke kora su. Kuma kuɗin gaske a ƙarin awoyi yake. Makon da aka yi aikin Asabar sai ka ga albashi ya yi kauri, in dabbobi suka yi ƙaranci a rage awoyi, ka koma gida da abin da bai kai lissafinka ba. Ba wasa ba ne, garken shanun Amurka a farkon 2025 shi ne mafi ƙanƙanta tun 1951. Sannan ka tambaya me ake yankawa kafin ka cike takarda, domin Iowa ce kan gaba a kiwon alade a duk ƙasar. In na shanu kake so, jihohin Nebraska da Kansas sun fi yawansu. Ka kuma yi maganar lokacin sallah tun ranar ganawa.

Babban abin tsoro shi ne garin da ya rataya a wuyan kamfani ɗaya. Garin Perry da ke Iowa mutanensa ba su wuce dubu takwas ba. A 2024 kamfanin nama na Tyson ya rufe masana'antarsa da ke can, sama da mutum 1,200 suka rasa aiki lokaci guda. Irin wannan in ta faru, mai shago da mai gidan haya da makaranta duk sai ta shafe su, wanda ya sayi gida kuma ya rasa mai saye.

Fannin da ni dai na ga ba ya yankewa shi ne kiwon lafiya, saboda matasa sun tafi birni, tsofaffi suka rage. Gidajen kula da tsofaffi kullum cikin neman ma'aikata suke. Horon mataimakin nas gajere ne, awa 75 ne mafi ƙarancin da dokar tarayya ta sa. Albashin farko bai taka kara ya karya ba, aikin kuma ɗaga mutane ne da yi musu wanka, amma yana da matakala: wanda ya daure ya shiga kwalejin yankin ya zama cikakken nas, ya fita daga sahun masu ƙirga awoyi. In uwargida tana da sha'awa, nan zan nuna mata. Sai dai asibitocin karkara su ma suna jin jiki, sama da 100 sun rufe ko sun daina kwantar da marasa lafiya a ƙasar tun 2010, wasu kuma sun soke ɗakin haihuwa. Mai iyali ya bincika ina ne mafi kusa.

Aikin makaranta da na gunduma kuɗinsa matsakaici ne, amma akwai fansho. Kantuna da gidajen abinci ka ɗauke su a matsayin na wucin gadi. Mafi ƙarancin albashi a Iowa dala 7.25 ne a awa, na tarayya da bai motsa ba tun 2009, ko da yake ban ga mai samun ma'aikaci da wannan kuɗin yanzu ba.

Masu cin moriyar karkara su ne masu sana'ar hannu: walda, wayarin, kanikancin dizal, da direba mai lasisin babbar mota. Hatsi, abincin dabbobi, man ethanol da ake yi da masara, duk sai an ɗauka, kuma in wannan kamfani ya rufe wancan yana jira. Shi ya sa na bar wuƙa na kama sitiyari. Injunan iskar nan ma, da suke ba jihar fiye da rabin wutarta, lokacin kafa su ne ake ɗaukar jama'a, in an gama sai 'yan masu gyara kaɗan.

Kada ƙarancin marasa aikin yi da za ka gani a rubuce ya ruɗe ka. Sau da yawa wanda bai samu ba ya riga ya bar garin, shi ya sa ba a ƙirga shi.

Shawarata, ka ɗauki taswira ka ƙirga manyan wuraren aiki da za ka iya kai wa cikin tafiyar awa ɗaya daga garin. In ɗaya ne tak, ka yi haya, kada ka sayi gida. Ka sa kuɗin mota mai lafiya da mai da ɗumama ɗaki a lissafi, don babu bas, kuma hunturun can ba ya wasa. Ka je kai kaɗai tukuna, gani ya kori ji, ka tsaya a wurin ajiye motoci na kamfanin lokacin canjin aiki ka tambayi masu fitowa awa nawa suka samu a watan jiya. Allah ya zaɓa maka mafi alheri.