Amsoshin Tambayoyinku: Sifana, Tiredi da Kan Juya Rodi

Assalamu alaikum. Damina ta ɗauke, motocin haƙa rijiyar burtsatse sun fito, wasiƙu kuma sun taru. Na wannan makon kusan duk a kan abin da ke riƙe rodi (bututun ƙarfen da ake jonawa ɗaya bayan ɗaya ana haƙa da shi) da abin da ke juya shi suke, don haka na haɗa su wuri ɗaya.

Wani mai haƙa daga Gashuwa: Ina so in sayi ƙaramin injin haƙa. An nuna mini mai tebur da mai kai a sama. Wanne zan ɗauka?

Malam, ƙasar da za ka haƙa ita ce za ta zaɓa maka. Mai tebur yana juya rodi ne daga ƙasa: akwai dogon ƙarfe mai kusurwa huɗu ko shida da ke ratsa tsakiyar tebur, tebur ya juya shi, shi kuma ya juya sauran rodin. Giya ce da sarƙa da kulochi, duk makanikin babbar mota zai iya buɗe shi ya gyara. A ƙasar yashi da laka irin ta wajenku, da Maiduguri, da yankin Sakkwato da Birnin Kabi, inda ake haƙa da ruwan laka, yana aiki lafiya lau. Matsalarsa biyu ce. Duk ƙarin rodi sai an ɗaga wancan ƙarfen an cire shi an mayar, aiki ya yi nawa. Sannan yawancin ƙananan ba sa danna rodi ƙasa, nauyin ƙarfen kawai suke dogara da shi.

Mai kai a sama, motar haidirolik, wato injin juyi mai aiki da matsin mai, ce ke kama rodi kai tsaye, tana hawa da sauka a jikin hasumiya. Kana iya dannawa, kana iya ɗagawa kana juyawa lokaci guda, kana iya rage gudu yadda kake so. Wannan na ƙarshe shi ne muhimmi in kana da niyyar karɓar aiki a ƙasar dutse, Kano ko Zariya ko Kaduna, domin hamar iska, wato gudumar da ke ƙasan rodi tana fasa dutse da ƙarfin iska, ba ta son gudu. Hama mai inci 6 a dutse mai tauri zagaye 20 zuwa 40 a minti ɗaya take so, alhali haƙar laka takan kai 60 zuwa sama da 100. In aikinka ba zai bar yankinku ba kuma jarin ba shi da yawa, ɗauki mai tebur, amma ka buɗe akwatin giyar ka ga haƙoran da idonka kafin ka biya. In za ka yi yawo, ka haƙura ka tara kuɗin mai kai, ka kuma shirya wa sayen man haidirolik da tacewa, don ƙurar hunturu ba ta raga wa famfo.

Wani daga Funtuwa: An ce sifana mai haƙora in ja ce to ta asali ce. Gaskiya ne?

Haba Malam. Gwangwanin jan fenti nawa yake? Kallon kitse kake wa rogo. Har sunan Ridgid, sanannen kamfanin sifana, ana zubawa a jikin jabu, balle launi.

Ka tafi kasuwa da magagari a aljihu, ko Ƙofar Ruwa ta Kano za ka ko Panteka ta Kaduna. Goga shi a gefen haƙorin sifanar. In ya zame bai kama ba, an gasa ƙarfen yadda ya kamata. In ya ci kamar kana goga ƙusa, ajiye musu kayansu: haƙoran za su kwanta a mako guda, sifana ta fara zamewa, kuma zamewar sifana ita ke karya yatsu. Duba muƙamuƙin ƙasa, ya kasance wanda ake cire fil a sauya shi. Murɗa goron, muƙamuƙin sama ya yi ɗan wasa gaba da baya, don wannan wasan ne ke sa ta ƙara cizo in an ja, amma kada ya yi lilo hagu da dama.

Girma kuma: mai inci 24 iyakarta bututu inci 3, mai inci 36 har inci 5, mai inci 48 har inci 6. A sayi biyu, ɗaya ta riƙe ɗaya ta kwance. Kuma a daina zura mata bututu mai tsawon mita 2 mutum uku su ɗane. Ba a ƙera hannunta don wannan ba. In haɗi ya kai ga haka, sifanar sarƙa ko ta haidirolik yake nema.

Alhaji mai motar haƙa daga Kano: Na sami rodi na hannu guda 20, inci 4½, a rabin kuɗin sabo. An ce an sake yanka musu tiredi, wato zaren murɗin da ke bakinsu. Yarana kuma baƙin mai suke shafawa, sun ce ya isa. In saya?

Alhaji, ka yi haƙuri, nan zan daɗe, domin a wannan wurin ne masu haƙa suka fi zubar da dukiya suna ganin tattali suke yi.

Rodi mai inci 4½ na tsawon ƙafa 20 ya haura kilo 100. In ka kai mita 100, abin da ke rataye ya kusa tan 2, ga hama a ƙasa tana dukan dutse sama da sau 1,000 a minti, duk girgizar tana bi ta cikin haɗe-haɗen nan. Tiredi ɗaya ya saki, ba rodi ɗaya ka rasa ba. Ka rasa duk abin da ke ƙasa da shi, da hama, da bakin haƙa, da dizal ɗin da ka ƙona, da kwanakin da za a yi ana lalube, ga mai gida tsaye a kanka yana neman a sake masa wani ramin kyauta. Lissafa kuɗin hama kaɗai a yau ka ga ko rangwamen nan ya kai.

Ban ce kowane na hannu banza ba ne. Na ce kada ka saya a tsibi. Ka ware yini guda, ka sa a fito da su ɗaya-ɗaya. A mirgina kowanne a kan ƙarafa biyu miƙaƙƙu. Wanda ya yi tsalle ya lanƙwashe, kuma lanƙwasasshen rodi yana cinye boris ɗin kan juyawa yana karkatar da rami. A wanke tiredin da burushin waya. Kan tiredi mai lafiya yana da ɗan faɗi, in ya yi tsini kamar bakin wuƙa ya gama. Ɗora rula a gefen macen, wato bakin da ɗaya rodin ke shiga cikinsa: in bakin ya buɗe kamar ƙaho, an taɓa matse shi fiye da kima, wata rana zai tsage. Taɓa kafaɗa da yatsa, wato fuskar da namiji da mace ke haɗuwa. Ita ce ke toshe iska, ba tiredin ba. In akwai tsaga ko rami a kanta iska za ta riƙa fita, ta yi ta zaizayar ƙarfe da ƙura har haɗin ya yanke.

Sai walda. Na kamfani ana haɗa kan da jiki ne ta hanyar guga a inji, layin ya fito daidai. Wanda aka yanke kai aka liƙa wani da waldar bakin titi za ka ga tudun walda. Kankare wurin, shafa kananzir, goge, barbaɗa alli. Bayan 'yan mintoci, in akwai tsaga kananzir zai fito ya zana maka ita a kan allin. Leƙa ciki da tocila kuma, domin ɓawon tsatsa da ke ciki hama zai faɗa ya riƙe fistin.

Maganar "an sake yanka tiredi" ita ta fi tayar mini da hankali. Wa ya yanka, kuma da wane ma'auni ya gwada? Tiredin nan mai tsukewa ne, kuma iri-iri ne. A girman 2⅜ da 3½, wanda ake kira REG yana da zare 5 a inci ɗaya, IF yana da 4, tsukewarsu ma ba ɗaya ba ce. Ɗora rula ka ƙirga. Hama mai inci 6 yawanci 3½ REG take zuwa da shi. Wanda aka yanka da ido yakan shiga zagaye biyu ko uku ya tsaya, yaro ya ce ya kama, direba ya ƙarasa da ƙarfin inji, shi ke nan an kashe duka biyun. Ka je da sabon guntun haɗi naka na kamfani, ka ɗaura shi da hannu a kowane rodi. Ya shiga sumul ba cijewa. Sannan ka warware zagaye biyu ka girgiza. In yana kwaram-kwaram, bar shi. In mai kaya ya ƙi yarda a yi wannan gwajin, ai ya ba ka amsa.

Baƙin mai kuwa, ka hana yau ɗin nan. Ruwa ne, matsi na farko zai kore shi, ƙarfe ya haɗu da ƙarfe ya yage juna, ga dattin inji da ke cikinsa. Giris ɗin mota ma bai isa ba. Akwai giris na tiredi mai garin jan ƙarfe ko zinki, wanda garin ke zama tsakanin fuskokin ko an matse man ya fita. A shafa da burushi a tiredi da kafaɗa a kowane haɗi, ba sau ɗaya da safe ba. A rufe bokitin, don giris mai yashi ya fi rashin giris ɓarna. A mayar da murfin roba a bakin rodi da zarar an kwance. Bokiti ɗaya bai kai kuɗin dizal ɗin yini guda ba, amma shi ne abin da ake fara yi wa rowa. Kuma ka sa guntun haɗi na kariya a ƙarƙashin kan juyawa, shi ya riƙa cinyewa kana sauyawa, maimakon sandar kan da sai an sauke akwatin giya kafin a taɓa ta.

Wata uwa daga Bauchi: Ɗana ya fara bin motar haƙa, shi ke riƙe sifana. Abokin aikinsa ya rasa yatsu biyu. Ba na barci. Me zan saya masa, ko in hana shi?

Hajiya, Allah Ya kwantar miki da hankali, Ya tsare shi. Sana'a ce mai kyau, yara da yawa daga riƙon sifana suka zama direbobin inji. Tsoronki kuma yana kan hanya, don wurin da aka ajiye shi nan ne aka fi jin rauni.

Saya masa takalmi mai ƙarfe a baki, hular kwano, abin toshe kunne saboda ƙarar hama, da kayan aiki da suka kama jiki. Kada ya je wajen inji da riga mai faɗi, ko ƙyalle a wuya, ko zobe. Abin da ke juyawa in ya kama tufa ba ya saki.

Amma abin da za ki faɗa masa ya fi abin da za ki saya. Idan za a kwance rodi da ƙarfin inji, ya sa sifanar, ya jingina hannunta da ƙarfen tsayarwa, ya cire hannunsa, ya ja baya, sannan ya ce wa direba ya juya. Kada ya riƙe ta da hannu inji na ja, kada kuma ya tsaya a ɓangaren da za ta wulwulo in ta kuɓuce. Sifana mai baki biyu da ake zurawa a wuyan rodi don ya zauna a kan tebur, ta hannunta ake kamawa, yatsa ba ya shiga ƙarƙashi. Ya duba cewa an ɗaure tiyon iska da sarƙa a mahaɗinsa. In ana ɗaga hasumiya ya ɗaga kai ya duba wayar lantarki. Ki sa babansa ko kawunsa ya je ya ga maigidan, ya kalli yadda suke aiki na awa ɗaya. In direban mai tsawa ne da gaggawa, wanda ke taɓa liba bai jira an ce masa "to" ba, a nema wa yaron wata motar.

Wani daga Katsina: In rodi ya maƙale, ba sai in juya shi baya ya saki ba?

Zai saki, ƙwarai kuwa. Zai kwance a haɗin da ya fi sako-sako, ka fito da rabi ka bar wa rami rabi, garin neman gira ka rasa ido. Tiredin na dama ne, cikin rami dama kawai ake juyawa. Kada ka kashe iska. Juya a hankali, ɗaga kaɗan, sauke kaɗan, zuba ruwa da sabulun kumfa a layin iska ya ɗago tsakuwar da ta zubo a kan hama. Gaba kuma ka busa rami ya fita tas kafin kowane ƙarin rodi.

Makaniki daga Zariya: Motar haidirolik ta kan juyawarmu mai cc 500 ta mutu. Na sami mai 250 da sauƙi. Za ta yi?

Za ta juya, amma da rabin ƙarfi da ninkin gudu, abin da hama ba ta so ke nan. Ga lissafin ƙarfin juyi: cc (man da motar ke sha a zagaye ɗaya) sau matsin mai a ma'aunin bar, raba da 63. Mai 500 a matsin bar 150 tana ba da kusan niyuton-mita 1,190 a takarda, ka ce 1,000 a aikace. In giyarku 4 ce zuwa 1, ya zama 4,000. Famfo mai lita 60 a minti zai juya ta sau 120, rodi ya sami 30. Sa mai 250, rodi ya koma 60, ƙarfi ya sauka 2,000, sai ku fara ƙara matsi har sil ya fashe. Nemi mai 500. Kafin ka ɗaura ta, ka gano abin da ya kashe ta farkon: zuba ɗan man tanki a farar takarda, in ka ga ƙyallin garin ƙarfe to famfon ma yana ci, sai a wanke tanki da tiyo, a sauya tacewa, a zuba sabon mai lamba 68.