Matattakalar sito ta ɓalle da maigidana, kamfani ya ce ginin haya ne

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Maigidana yana aiki a siton wani kamfani a Sharaɗa, Kano. Makon jiya matattakalar ƙarfe ta ɓalle da shi yana ɗauke da buhu, ya karye a ƙugu. Ma'aikata sun daɗe suna ƙorafin tsatsa ta cinye ta. Manaja ya zo asibiti da naira dubu 50, ya ce ginin haya suke yi, ba ruwansu, ya kuma ajiye wata takarda a sa hannu. 'Yan'uwa sun ce mu karɓa mu bar wa Allah. Yaranmu biyar, hankalina ya tashi.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Kafin komai, Malama, kada ya sa hannu, kada kuma ya dangwala yatsa.

Maganar haya ba ta da tushe. Wanda ya ɗauki mutum aiki, shi doka ta ɗora wa nauyin samar masa wurin da ba zai hallaka shi ba, kuma wannan nauyi ba a sauke shi a kan mai gini ko ɗan kwangila. Idan kamfani yana da rigima da mai ginin, su je su ƙarata can.

Hanya biyu ce a gabanku. Ta farko ita ce Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda NSITF, hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnatin tarayya, ke kula da asusunta. A nan ba a buƙatar ku tabbatar da laifin kowa, ya isa a ce a bakin aiki ya ji rauni. Kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi kamfani ke zubawa, kuma haramun ne a doka ya cire shi daga aljihun ma'aikaci. Ta biyu ita ce ƙarar sakaci a Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, inda ƙorafin nan na tsatsa zai yi muku rana. Ba a cin tudu biyu, don haka lauya ya zauna da ku kafin ku zaɓa.

Yanzu bari in dawo kan takardar, don ita ce ke ci mini tuwo a ƙwarya. Kusan kullum sai an kawo mini irinta, a ninke huɗu cikin ledar magani, bayan kuɗin sun ƙare, ƙafa kuma ba ta warke ba. Mutane sun ɗauka wanda ya biya kuɗin asibiti ya gama wanke kansa. Ina! Kuɗin magani daban, diyyar nakasa daban. Wanda ya nakasa gaba ɗaya, dokar ta tanadar masa kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Ina dubu 50 a nan? Dokar ma ta ce yarjejeniyar da ma'aikaci ya yafe diyyarsa a cikinta banza ce. Amma duk da haka takardar tana ɓarna, domin sau da yawa a ciki ake cusa cewa gangancinsa ne ya jawo, sai a fito da ita a kotu ana kaɗa muku a fuska. Wani kuma da ya sa hannu sai ya sare, ya zauna a gida har lokaci ya ƙure.

Su kuma masu cewa a bar wa Allah, mun yi imani da ƙaddara, amma ba ƙaddara ce ta hana a kira mai walda ba. Bakin da ke yi wa mai karaya wa'azin haƙuri, ban taɓa jin ya je ofishin manaja ya yi masa wa'azin amana ba. Su ne za su biya wa yara biyar kuɗin makaranta?

Lokaci yana tafiya. Kwana 14 doka ta ba shi ya sanar da kamfani, kun riga kun ci mako guda, ku yi shi a rubuce ku riƙe kwafi. Shi kamfani kwana 7 gare shi ya kai rahoto NSITF, neman diyya kuma cikin shekara guda ne. Kada ku jira su, ku je ofishin hukumar da kanku da rahoton likita da hoton ƙashi. Yau ɗin nan ki sa wani abokin aikinsa ya ɗauki hoton matattakalar a waya, tun kafin a wayi gari an yi mata walda an shafa fenti.