Amsa ga maman jaririn da aka ce yana da tirizomi 21

Ƙanwata, sai da na ajiye waya na share hawaye kafin in iya ba ki amsa. Kin ce likita ya gaya miki jaririnki yana da tirizomi 21, lalurar da ake haifar yaro da ita mai jinkirta girmansa da koyonsa, dangin miji sun ce jininki ne, ga shi auren zumunci kuka yi, kina son sanin ko daga gare ki ne, ko kuma zai sake faruwa. Ni ma ɗiyata ta huɗu da shi ta zo duniya, yanzu har ta isa shiga lakwal.

Ba abin da kika ci ba ne, ba fitar magariba ba ce, ba kuma wankan gulbi ba. Likitan yara a takarda ya zana mini. Kowace ƙwayar jikinmu tana ɗauke da kuromozom 46, wato ƴan zarurrukan da ke ɗauke da tsarin halittarmu, biyu-biyu suke, 23 daga uwa, 23 daga uba. Sa'ad da ƙwan mace ko maniyyin namiji ke samuwa, biyun nan rabuwa suke yi. Wani lokaci sai masu lamba 21 su ƙi rabuwa, su tafi tare, yaro ya zo da uku, jimla 47. Ba zan ɓoye miki ba, ya fi faruwa a ƙwan mace, amma tun ba ki san kina da ciki ba aka gama shi, babu hannunki a ciki. Kusan 95 cikin 100 na yaran nan haka nasu yake, ba gado ba ne.

Wallahi da na san wannan da wuri, da gwaggon mijina ba ta yi mini abin da ta yi ba. Yarinya ba ta kama nono da ƙarfi, jikinta a sake, wuya ya ƙi tsayawa. Matar nan ta zo daga ƙauye, ta ɗaga ta sama da hannu ɗaya, ta leƙa idonta, ta ce wannan ba mutum ba ce, ƴar ruwa ce. A gaban kishiyata, a gaban maƙwabta. Ta ce a kai ta bakin gulbi da ƙwai da fura, a ajiye, a juya baya, za ta koma wurin danginta. Ɗiyar da na yi wata tara da cikinta! Mijina yana zaune a kan tabarma, bai ce uffan ba, kuma shirun nan nasa ya fi maganarta ƙona ni. Daga ranar ban sake sauke ta daga bayana ba, ko makewayi da ita nake shiga, da dare in ɗaure zanenta da nawa don tsoron kar a ɗauke ta ina barci. Matar ta koma tana gaya wa dangi wai tsohuwar mahaifa gare ni, na ɓata musu iri. Har yau in ta zo gidan, gaisuwa kawai ke haɗa mu, kuma ban yarda ta taɓa ta ba. Allah ya isa kawai nake cewa.

Zancen auren zumunci kuwa, sun haɗa abu biyu ne da ba ɗaya ba. Ki ɗauka littafi ne aka kwafa: a tirizomi babi guda aka maimaita sau uku, a sikila kuwa harafi ɗaya tak aka sauya, a kan kuromozom na 11, wurin da ke tsara jan jini. Ita sikila gadonta ake yi. In uwa AS ce uba ma AS, kowane ciki yana da ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato sikila. Zabiya ma sai iyaye biyu sun haɗu da abin. A irin waɗannan ne auren gida ke ƙara haɗari, tunda kaka ɗaya kuka gado. Ba shi ke kawo tirizomi 21 ba. Amma tunda ƴan'uwa ne ku, ku je ku yi gwajin jini na AA da AS ɗin nan, ke da shi, kar ki yarda a ce ke kaɗai.

Ko zai sake? In irin wancan na rashin rabuwa ne, kusan ɗaya cikin 100 ne. Ni na haifi namiji bayanta, lafiya lau. Shekarun uwa suna ƙara shi: a 35 wajen ɗaya cikin 350, a 40 wajen ɗaya cikin 100, amma ƴan mata ma suna haifa, ki duba ke da kanki. Akwai kaɗan, kamar 3 ko 4 cikin 100, da kuromozom na 21 ke manne wa wani, galibi na 14. Wannan kam wani lokaci uwa ko uba na ɗauke da shi, lafiyarsa ƙalau, bai sani ba. Gwajin kariyotip, wato gwajin jinin da ke nuna kuromozom ɗin, shi ke bambancewa. Ki tambayi likitan yara inda za a ɗebi jinin, ko da sai an je Yamai, ki fara tara ƴan jakunkunanki.

Amma don Allah kafin komai, zuciya. Kusan rabin yaran nan da matsalar zuciya ake haifarsu. A yi masa eko, wato hoton zuciya, ko da kin gan shi garau. In yana haki ko zufa wurin shan nono, ko leɓensa ya sauya launi, kar ki tsaya jiƙe-jiƙe. A duba tiroyid, wato ƙullin gaban wuya da ke tafiyar da girman jiki, da ji, da gani. Rigakafi kar ki tsallake ko ɗaya, mura tana saurin sauka musu a ƙirji, balle hunturun Maraɗi da ƙurarsa.

  

Nono ki riƙa ba shi kaɗan-kaɗan a kai a kai, ki tashe shi in barci ya yi yawa. Tawa ta daɗe ba ta yi tafiya ba, sai da muka yi ta zuwa wurin kine, mai motsa gaɓoɓi a asibiti, yanzu ita ke tare awaki. Ki tafi da mijinki wurin likita ya ji da kunnensa, kuma kar ki bar yaron nan da kowa in ba ki yarda da shi ba. Ki nemo ni ta saƙo in kina son mu yi magana.