Ko za a iya mayar da bidiyo ya zama takarda?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malaminmu ya turo mana darasi na minti 40 ta WhatsApp, yana bayani yana kuma rubutu a allo. Ina son in buga darasin a takarda domin bita kafin jarrabawa, sai na canza ƙarshen sunan fayil ɗin daga mp4 zuwa pdf, amma ya ƙi buɗewa. Ina kuskuren yake? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Abin da kika yi tamkar rubuta "gero" ne a jikin buhun masara, domin suna kawai ya canza, abin da ke ciki yana nan yadda yake. Ki mayar da ƙarshen sunan ya koma mp4, bidiyonki zai buɗe lafiya lau.

Bidiyo tarin hotuna ne da ke wucewa da sauri, galibi 25 ko 30 a kowace daƙiƙa, haɗe da sauti, saboda haka darasinki yana ɗauke da hotuna kusan 60,000 ko fiye. PDF kuwa, wanda kamfanin Adobe ya fito da shi a 1993, an yi shi ne domin shafukan da ba sa motsi. Don haka sai ki fara tantance abin da kike buƙata daga darasin, rubutun allo ne ko maganar malam.

Idan rubutun allo ne, aikin mai sauƙi ne. Ki buɗe bidiyon a kwamfuta da manhajar VLC, ki tsayar da shi duk lokacin da malam ya cika allo kafin ya goge, ki danna Shift da S tare domin ɗaukar hoton wurin. Bayan haka ki jera hotunan a Word, ki ajiye su a matsayin PDF.

Maganar malam ita ce mai ɗaukar lokaci. Manhajojin da ke mayar da magana rubutu sun fi ƙwarewa a Turanci, kuma idan malam yana gauraya Hausa da Turanci, kamar yadda malamanmu da yawa suke yi, gyaran abin da suka rubuta yakan fi rubutawa da hannu wahala. A ganina gara ki rage saurin bidiyon a VLC, ki riƙa saurare kina rubuta muhimman bayanai a ƙarƙashin hoton allon da ya dace da su.